Ruwa da Faransanci

Ranar Litinin na rubuta ruwa a allo,
haruffa uku: e, a, u.
Na ce, "Karanta, Sagiru. O ake cewa."
Ya dubi allo, ya dube ni, ya sake duban allo:
"Malama, to ina o ɗin yake?"
Aji ya kwashe da dariya. Ni na kasa.
Shekara goma sha ɗaya ina koyar da harshen nan a Jos,
ba wanda ya taɓa neman o ɗin a hannuna.

Yaron nan, je ka gan shi kasuwar Farin Gada.
Yana ciniki da matan Birom da yarensu,
ya ƙirga kwandon tumatir arba'in da ka
kafin ubansa ya lalubo biro a aljihu.
Amma a takarda, b sai ta juya masa ƙeya ta koma d,
p ta rataye kai ƙasa kamar jemage,
layin sama ya zame ya danne na ƙasa.

A fayil ɗinsa malamai huɗu sun bar kalma ɗaya: malalaci.
Ta biyar ɗin rubutuna ne.
Jan biro, zangon farko.

Wata likita ta ba mu suna, disleksiya,
ubansa ya ninke takardar ya cusa cikin hula.
Suna dai mun samu.
Abin da zan yi ranar Talata ne ba wanda ya rubuta mini.

Sai na ari farantin tuwon gidanmu,
na cika shi da yashin tsohon ramin kuza.
Bayan an tashi, ruwa na dukan kwano har ba ma jin juna,
yatsansa a sandare don sanyi,
yana jan harafi, yana faɗa da ƙarfi, yana shafewa.
Yashi ba ya riƙe laifi.
Rannan na gane abin da littafi ya daɗe yana yi masa.

Dabarun da suka zauna, nasa ne, ba nawa ba.
Ya ce b kawunsa ce, tumbi a gaba,
d kuwa ɗan dako, kaya a baya.
Haruffan da Faransawa ke rubutawa ba sa furtawa
ya ce fasinjoji ne da ba su biya kuɗin mota ba,
shi ya sa suke zama can baya, tsit.
Na je gida ina dariya ni kaɗai a cikin Keke.

Wata rana muna cin gaba, wata rana kamar ba mu taɓa haɗuwa ba.
Akwai Larabar da ya kife farantin,
ya ce shi kasuwa ta ishe shi.
Na share yashin ni kaɗai. Ban bi shi ba.
Ranar Juma'a ya dawo da nasa a leda,
ya ce wannan ya fi laushi.

Jarrabawa ta zo. Arba'in da ɗaya.
Shugabar makaranta ta taɓe baki.
Ni na san nauyin ɗayan nan da ke bisa arba'in.

Jiya ya shigo da gudu, takalmi duk taɓo:
wani direban Kwatano ya zo ɗaukar kabeji,
motarsa na hayaƙi, yana ta ihun kalma guda,
'yan kasuwa sun zagaye shi suna kallon bakinsa.
"Ni na kai masa jarka, Malama. Har ya ce mini mersi."

Na tura masa faranti. Na ce rubuta abin da ya roƙa.
Ya ja e. Ya ja u. Ya ja a.
Jan biro yana cikin jakata, na ji shi kamar ƙaya.
Na yi shiru.
Ya daɗe yana kallon yashin, leɓensa na motsi,
sannan ya sa gefen hannu ya shafe biyun ƙarshe,
ya ce, "Dakata. Waɗannan sun zauna a kujerar juna."